Dunduniyar Abba a Bango

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya ara mini kwanaki har na ga jikokina sun fi ni tsawo. Kun san ban yi karatun takarda ba. Bakina ke faɗa, hannun jikata ke bi da alƙalami, abin da ta rubuta kuwa nawa ne, kada a tuhume ta. Na ba ku labarin Jazira da tsinkar auduga, na ba ku labarin tasowarmu zuwa Umdurman da yadda muka ta da bango huɗu a Umbadda tun ana jin kukan dila daga ƙofar gida. Yanzu na iso shekarar da na daɗe ina kewaya ta kamar mai kewaya rijiyar da ba ta da murfi. Ba don daɗi zan leƙa ta ba. Na ji abin da kuke faɗa tsakaninku game da kakanku Malam, Allah ya jiƙansa: wai mutum ne mai busasshiyar zuciya, wai shi ne ya ce a bar ɗansa ya gurgunce. Ya faɗa, ba zan ɓoye muku ba. Amma wanda ya ba ku farkon maganar bai ba ku ƙarshenta ba, ni kuwa ina wurin tun daga farko har ƙarshe.

Kawunku da ba ku riska ba, wanda hotonsa ke rataye a ɗakina da rigar ƙwallo, shi ne ɗan farina. Sunan mahaifina aka raɗa masa, sai kunya biyu ta haɗu a kansa, ta ɗan fari da ta mai sunan uba. Abba muke ce masa. A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta yi masa wasa mutane na gani. Tun da na yaye shi hannuna bai ƙara zama a jikinsa ba. In zan ba shi abinci sai in ajiye in ce wa ƙanwarsa, “Ki ce wa wancan ga tuwonsa.” Matan Larabawa maƙwabtanmu har tambayata suke yi ko riƙonsa nake. Su ba su san cewa a wurinmu abin da ka fi so shi kake kau da ido daga kansa ba.

Sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane ba. Mahaifina da ƙafarsa ya zo ƙasar nan daga wajen Haɗeja, yana saurayi, cikin ayarin masu niyyar Makka. Guzuri ya ƙare a Jazira, ya tsaya neman na gaba, ya yi aure, aka haife mu. A cikin ayarin nan kowa da aikinsa, wani ruwa, wani itace, shi kuwa aikinsa ƙafafun mutane. Ya ce in gari ya waye ba ya barin kowa ya ɗauki kaya sai an zaga zango a hankali, an kuma zagawa, har gumi ya tsattsafo a ƙeya. Sannan kowa ya dafa bishiya ko kafaɗar ɗan'uwansa ya miƙa jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ta bayan ƙafa, ta gaban cinya, ta bayan cinya, ta ƙugu. Ba fizga, ba girgizawa. Ka miƙa har ka ji ta ja, ka tsaya nan, ka karanta Fatiha a natse, ka saki. Da yamma in an sauke kaya a sake yi, shi kuma ya bi su da man riɗi. Ina yarinya ni ke riƙe masa kwanon mai in masu tsinkar auduga sun zo da ciwon baya, a nan na koya. Maganarsa kullum ɗaya ce:

“Jijiya igiyar fata ce, irin ta guga. In ta kwana ta bushe ka fizge ta, tsinkewa za ta yi. Jiƙa ta tukuna, sai ta kai guga ƙasan rijiya ta dawo maka da shi cike.”

Abba ya riski kakansa, ya kwashi wannan duka kamar yadda yaro ke kwasar waƙa. Da ya tasa sai ya faɗa wa ƙwallo, a filin ƙasa da ke bayan unguwa, inda duwatsu biyu ne raga. Yara na zuwa su afka fili kai tsaye, shi kuwa sai ya zaga da ɗan gudu-gudu, ya kaɗa ƙafa gaba da baya, ya juya idon sawu, ya sunkuya ya kama yatsunsa. Suna yi masa tsiya: “Ya shehu, in ka idar da ruku'u ka zo mu fara.” Bai kula su ba. Su suka riƙa zama a gefe da ɗaurin tsumma, shi yana ciki. Wani mai koyar da 'yan wasa daga unguwar Alsahafa, Kabtin Usman, Bahaushe ne shi ma amma Hausarsa ta sha ruwan Nilu, ya gan shi ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa. Ya ce abin da tsohon ya koya masa shi ne suke kira taskin, wato ɗumama jiki kafin wasa. Ya ƙara masa da nasu na zamani, ya sa shi a gaba yana ja wa sauran. Ranar da Kabtin ya zo gaishe mu ya ce manyan ƙungiyoyi sun fara tambayar yaron. Na ce Allah ya kyauta, na shige madafa. A can na yi murmushina ni kaɗai, ina juya kisra, wainar dawa ta nan.

Shekarun nan soja ke riƙe da ƙasa, yaƙin Kudu kuma yana cin samari kamar wutar daji a kaka. Aka ce kowane saurayi sai ya yi hidimar soja, wanda bai kai kansa ba a zo a ɗauke shi. Kasha ake ce wa abin. Manyan motoci su tare bakin kasuwa, a tsayar da bas, a sauke duk wanda gashin bakinsa ya fara tsiro, wanda ba shi da katin hidima a jefa shi mota. Malam yana sayar da tsire, wanda nan ake ce wa agashe, a Kasuwar Libiya da ke nan Umdurman. A gaban tukubarsa aka sha yin wannan, ya ga uwaye na bin mota da gudu mayafi na faɗuwa. Sai ya dawo gida ya kasa cin abinci. Abu ɗaya kowa ya sani: ba sa riƙe mai naƙasa. Ɗahiru, ɗan maƙwabciyarmu Hajja Zainaba, wanda shan inna ya shanye wa ƙafa tun yana goye, an sha kama shi, kullum sai a dubi tafiyarsa a sako shi. Har dariya yake yi yana cewa shi ƙafarsa ce katinsa.

Cikin sanyin shekarar su Abba suka tafi wasa Bahri, a ƙetaren kogi. An cusa su a bayan boksi, 'yar motar a-kori-kura, gwiwa a ƙirji, iskar kogi na dukansu. Aka rufe gada wai wani babba zai wuce, suka daɗe a tsaye. Da suka isa, alƙalin wasa na riƙe da usur yana cewa in ba su shiga nan take ba zai ba abokan karawarsu nasara. Daga mota sai fili. Abba ya roƙi Kabtin ko zagaye ɗaya ne a bar shi ya yi, aka ce babu hali. Ƙwallon farko da aka jefa masa gaba, ya tashi da gudu, sai ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan cinya. Har waiwayawa ya yi ya ga wanda ya jefe shi. Babu kowa. Yaron da bai taɓa shiga fili da jiki mai sanyi ba, sau ɗaya ya yi, sau ɗayan ya ishe shi.

A hannu aka shigo mini da shi. Washegari bayan cinyar ya yi baƙi har gwiwa, jini ya kwanta. Kabtin ya kai shi asibiti, likita ya ce ƙashi lafiya lau, nama ne ya yage, a huta, in kumburi ya saɓe a fara miƙa shi sannu a hankali. Maganarsa ta zo daidai da ta mahaifina. Mata suka yi ta kawo shawara, wata ta ce ƙaho, wata ta ce a ɗora masa ƙarfe mai zafi. Na hana. Sabon rauni ba a taɓa shi da zafi, ba a tausa shi; ruwan randa mai sanyi, ɗauri, a ɗora ƙafa bisa matashi. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar yana gaba, ni kuma na san shi. Naman da ya yage in zai haɗe tsukewa yake yi, kamar ɗinkin da aka ja wa zare. Akwai 'yan makonni da yake da taushi, yana karɓar miƙa. In suka wuce ba a yi ba, ya ƙage ke nan. Mutum zai yi tafiya amma da ɗingishi, gudu kuwa sai a mafarki.

Da kumburin ya fara saɓewa na faɗa wa Malam haka, da safe muna shan shayi, na ce zan aika a sayo man riɗi. Ya daɗe yana juya cokali a kofin da sukarinsa ya riga ya narke.

“Innarsu, in ba a miƙa ba fa?”

“Zai yi ɗingishi.”

“Har abada?”

“Har abada.”

“Kamar Ɗahiru.”

“Bai kai na Ɗahiru ba, amma duk mai ido zai gani.”

Ya ajiye cokalin. “To ki bar shi.”

Na ce, “Malam, ka san abin da kake faɗa?”

“Na sani. Ke ba kya zama bakin kasuwa. Ni nake ganin waɗanda ake lodawa, ni nake zuwa zaman makokin da babu gawa. Gurgu yana aure, gurgu yana haihuwa, gurgu yana binne ubansa. Allah ya aiko mana da raunin nan har gida, ke kuma ki sa hannu ki mayar masa da kyautarsa?”

Ga maganar da ta iso kunnenku. Da bakinsa ya faɗe ta. Abba yana kwance a rumfa, zana ce kawai tsakaninmu. Yaron da bai taɓa sa baki a maganar manya ba, ranar ya sa.

“Baba, na ji.”

“Tun da ka ji, sai ka yi haƙuri.”

“Baba, in ciwon ne ya gurgunta ni, wallahi alhamdu lillahi zan ce. Amma a ce maganin yana cikin gidan nan, a hannun Inna, aka rufe shi a kwano? Kullum na taka ƙasa zan tuna ku kuka zaɓa mini.”

“Za ka tuna kana raye.”

“Kasha ba kowa take kamawa ba, ya Baba. Ɗingishi kuwa kullum ne.”

Malam ya ɗauki hularsa ya fita. Ina kwashe kofuna sai na ji muryar yaron ta bayan zana, ƙasa ƙasa: “Inna, ni ban taɓa roƙonki komai ba.” Gaskiya ya faɗa. Ina ya taɓa samun fuskar da zai roƙe ni?

Na kwana biyu ina juya abin, gaba kura baya siyaki. Miji yana da gaskiya, ɗa yana da gaskiya, lokaci kuma ba ya jiran mu shirya, kowace safiya naman yana ƙara tsukewa. Na yi istihara ban ga komai ba. Abin da na iya gani shi ne wannan: abin da ke ɓoye na Allah ne, abin da ke gabana kuwa ƙafa ce mai neman gyara, mahaifina kuma bai taɓa wuce irinta ba. Ban yi a ɓoye ba. Na sami Malam na durƙusa na ce, “Ban taɓa saɓa maka ba, yau ma ba zan fara ba. In ka haramta, na bari. Amma ka shiga ka faɗa masa da bakinka, kana kallon idonsa.” Ya tashi ya je har bakin rumfar, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Sai ya juya ya tafi kasuwa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Na shimfiɗa tabarma a gindin bangon da hantsi ke fara duka. Da farko sai yaron ya zaga tsakar gida da sanda, ya zaga, ya zaga, har in ga gumi a ƙeyarsa. Sannan tsumma mai ɗumi, sannan mai. Sai ya kwanta rigingine kusa da bango, in ɗauki dunduniyarsa in jingina, in riƙa tura ta sama kaɗan kaɗan. Ranar farko da na ɗora tafina a cinyarsa, ni da shi kowa ya kau da kai. Rabona da jikin nan tun yana shan nono. Na tarar da wani tsohon tabo a gwiwarsa wanda ban san ranar da ya ji shi ba, ban san wanda ya wanke masa ba. Ranar dunduniyar ba ta kai tsawon turmi ba, ya jiƙe sharkaf. Da na sauke ta sai na ga man da ke hannuna ya bi ta, ya bar tabo a bango, zagayayye kamar bakin kofi.

“Ja kake ji ko zafi?”

“Ja.”

“Ƙarya kake yi, ga goshinka nan.”

“To, zafi kaɗan.”

“Sauko. Mai gaggawa shi ke zuwa sau biyu.”

“Inna, ke ma Fatihar nan ja kike yi mata kamar limamin tarawihi.”

“Rufe baki ka yi numfashi.”

Hirar da ban yi da ɗana ba tun haihuwarsa, a gindin bangon nan na yi ta. Tabo ya riƙa hawa bisa tabo kamar matakalar tsani. Sai muka zo wani wuri muka tsaya cik. In na tura dunduniya sama, ƙugunsa ya ɗaga, ɗaya gwiwar ta lanƙwashe, miƙar ta zube. Hannuna biyu ne, aikin na huɗu ne. Tabo ya yi ta taruwa wuri ɗaya har ya zama baƙi. Duk kwanakin nan Malam kafin mu shimfiɗa tabarma ya fice, in ya dawo ba ya duban bangon. Wata safiya ya makara. Ya fito da faifan nama a kai, ya kai ƙofa, ya tsaya yana kallonmu muna fama. Sai na ga ya sauke faifan, ya je randa ya wanke hannu, ya zo ya durƙusa.

“Ba haka tsohon yake yi ba,” in ji shi. “Ƙugu ake dannewa. Ni ya yi wa, na sani.”

Na manta ban faɗa muku ba: ciwon baya ne ya kawo Malam gidanmu a Jazira, yana saurayi, ni ce mai riƙe da kwanon mai. Ya ɗora tafi ɗaya a ƙugun yaron, ɗaya a gwiwa, ya ce in tura. Dunduniyar ta wuce baƙin tabon. Shi ya karanta Fatihar a bayyane, hawaye na bin gemunsa, bai share ba don hannunsa biyu suna aiki. Daga ranar bai ƙara fita ba sai mun gama. Wannan ne rabin da ba a ba ku ba.

Kafin zafi ya tsananta ƙafar ta miƙe sambal a jikin bango, daidai da 'yar'uwarta. Kabtin ya karɓe shi, ya fara masa da tafiya, sannan sassarfa, sannan gudu. Ranar da zai koma fili Malam ya kira shi.

“Sharaɗina ɗaya. In sun kama ka, ka yi ɗingishi. Ka ce ka ji rauni, ba ƙarya ka yi ba.”

“Na yi alkawari, Baba.”

Na ce, “Ni ma ga nawa. Kada ka ƙara gudu da jiki mai sanyi, ko wane ne ya ce ka yi.”

“Na yi alkawari, Inna.”

Alkawari biyu ya ɗauka a zama ɗaya, babu wanda ya lura a cikinmu cewa ɗaya zai ci ɗaya.

Sau ɗaya na gan shi yana wasa. Ina dawowa daga gidan suna na bi ta bayan filin, na laɓe jikin wata katanga kamar ɓarauniya. Na ga an jefa ƙwallo gaba, na ga ya tashi, mutum biyu na binsa kamar suna tafiya cikin ruwa. Ƙafar da na riƙe a tafina ita ke taɓa ƙasa tana tashi. Mutane suna ihu da sunansa, sunan da ni ba na faɗa. Na ja mayafi na rufe fuska na wuce.

Damina ta zo ta wuce, sanyi ya sake shigowa. Wata yamma aka tsayar da bas ɗin su Abba kusa da Kasuwar Libiya, aka tare ƙofa, aka kwashe su, har da Ɗahiru. Ɗahiru aka sako shi kamar kullum, ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina ya kasa ɗaga kai.

“Hajja, da asuba aka fito da mu, sanyi kamar ƙanƙara. Aka ce marasa lafiya su ware gefe. Abba ya ware tare da ni yana jan ƙafa, wallahi ya fi ni iyawa, har na ce masa ya zol, kai mutumina, kada ka ƙwace mini sana'a. Sai aka ce kowa zai yi gudu zuwa wata bishiya a gani. Muna layi ana kira ɗaya ɗaya. Ban ankara ba, ina juyowa na ga ya ɗora dunduniya a kan tayar babbar mota, ya kwantar da ƙirji a gwiwa, leɓensa na motsi. Ba da saninsa ba ne, Hajja. Jikinsa ne ya ji an ce gudu. Na taɓa shi ya sauke, amma hafsan da ke duba mu ya riga ya gani. Ya yi dariya ya ce, gurgun da ke ɗaga ƙafa har nan, irinsa muke nema.”

Wata Juma'a aka bar iyaye su ziyarci sansani, muka je ni da Malam da ƙullin abinci. An aske masa kai, wuyansa ya yi tsawo. Ya dubi ubansa ya ce, “Baba, ma'alesh. Ka yi haƙuri. Na riƙe alkawarin Inna, na karya naka.”

Malam ya ce, “Ba ka karya komai ba. Ci abincinka.”

Yana ci yana ba mu labari, wai duk 'yan tantinsu shi ke ja musu taskin kafin gudun asuba, wai sauran tantuna kullum da mai targaɗe, nasu babu ko ɗaya. Ya tambaye ni ko na zo da mai. Na zo da shi, a 'yar kwalba. Da aka busa usur ɗin tashi, ya juya zai koma, sunansa ya zo mini har leɓe. Ga mutane, ga ubansa. Kunya ta mayar da shi ciki. Na ce, “Kai, wancan, ka riƙa rufe ƙirjinka.” Ya ɗaga kwalbar ba tare da ya waiwayo ba. Ba da daɗewa ba aka wuce da su Kudu.

Labarin bai zo da gawa ba. Mutanen lajnar unguwa, wato kwamitin hukuma, ne suka zo da buhun sukari da lasifika, suka ce ba makoki za a yi ba, biki ne, ɗanmu ango ne a Aljanna. Wata mata a cikinsu ta kama kafaɗata ta ce in yi guɗa. Na ce mata, “A wurinmu ango kawo shi ake yi uwarsa ta gan shi. Ku nuna mini shi.” Na tambayi inda aka binne shi, suka ambaci wani daji da su ma ba su iya faɗin sunansa ba. Malam ya bari suka gama, ya raka su ƙofa, ya dawo ya shimfiɗa tabarmar karɓar gaisuwa yadda iyayenmu suke yi.

Daga nan na zauna jiran kalma ɗaya. Na san tana nan, na san yana da ikon faɗinta: ai na faɗa miki. Na jira ta ranar uku, na jira ta ranar arba'in. Mata suna faɗinta a madadinsa, ina ji, in na shigo su yi shiru. Yayarsa ta zo daga Jazira ta faɗe ta a fili a tsakar gida, ta ce da an ji maganar mai gida da yaro yana nan. Malam ya ɗago ya ce, “Yaya, hannu huɗu ne suka ɗaga ƙafar nan, biyu nawa ne.” Ba ta ƙara ba. Mun yi shekaru masu yawa bayan haka, mun yi faɗa a kan gishiri, mun yi a kan auren iyayenku mata, har Allah ya karɓi abinsa, kalmar nan ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Shirunsa da kuka tarar, da yadda yake tashi in an kunna ƙwallo a talabijin, ba taurin zuciya ba ne.

Kun sha tambayata me ya sa akwai wani tsiri a bangon tsakar gida da ba a taɓa yaɓe shi ba, da guntun kwanon rufi a kafe a samansa. Na ce muku mantuwa ce. Kowace shekara kafin damina Malam da kansa yake yaɓen gidan nan, in ya zo wurin sai ya kewaye, kwanon kuma shi ya kafa don kada ruwa ya wanke. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, can ya ce a kai masa gadonsa. Ku je ku duba da hantsi. Tabon dunduniyarsa ne a jere. Sun dushe, amma suna nan. Na ƙasa, har zuwa baƙin nan mai faɗi, nawa ne ni kaɗai. Duk wanda ke sama da shi, da hannun kakanku ya hau.

Na san kuna so ku tambaye ni ko na yi nadama. Wata rana in na ga Ɗahiru yana jan ƙafarsa zuwa masallaci, jikokinsa na biye da shi, sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa. Wata rana kuma in tuna abin da na gani daga bayan katangar nan. Ban iya auna su ba, na bar wa Mai sikeli. Ku dai mazajena masu zuwa fili da yamma, ban hana ku ba, kakanku ma bai hana ba. Ku zaga har gumi ya fito, ku miƙa ba fizga, ku tsaya tsawon Fatiha. In kun dawo ku zo, akwai mai a kwalba.

Saura abu ɗaya. Na tsufa, wanda zan ji kunyarsa duk sun riga ni. Ke mai alƙalami, gyara zama, ki rubuta shi da kyau, yadda za a iya karantawa.

Ilyasu. Sunan ɗana Ilyasu.